Tsaron Linux da ire-irenta: ina haɗarin yake, kuma wa ke da alhakin toshe shi?

Tambaya: Ma'aikatarmu tana shirin mayar da kwamfutocinta kan Linux, amma wasu daga cikin shugabanni suna ɗari-ɗari. Hujjarsu ita ce, tun da kowa yana iya karanta rubutun da aka gina manhajar da shi, masu kutse ma sun ga sirrinta, kuma idan matsala ta taso babu kamfanin da za a kama. Ta wace hanya ya kamata a tunkari wannan damuwa?

Amsa: Malam, tambayarka ta ƙunshi damuwa biyu, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Tsoron cewa masu kutse za su karanta rubutun manhaja su gano sirrinta shi ne mafi sauƙin warwarewa. Batun wanda alhakin gyara ya rataya a wuyansa kuwa shi ne ainihin matsalar, kuma a kansa zan fi daɗewa.

Tun a 1883 masanin rubutun sirri Auguste Kerckhoffs ya kafa ƙa'idar da masana tsaro ke bi har yau, cewa tsari nagari shi ne wanda kariyarsa ba ta rushewa ko da abokin gaba ya san yadda aka gina shi, matuƙar mabuɗin bai shiga hannunsa ba. Ƙwararren mai kutse ba ya jiran a miƙa masa rubutun tushe, domin yana da kayan aikin da zai warware manhajar da aka riga aka gina ya bi cikinta, ko kuma ya yi ta jefa mata gurɓatattun bayanai har ta yi tuntuɓe. Harin WannaCry na watan Mayun 2017, wanda ya durƙusar da asibitoci da dama a Ingila, ya bi ne ta wata ɓaraka a Windows, manhajar da rubutunta a rufe yake. A ƙarshen 2020 kuma aka gano cewa an cusa mugun rubutu a cikin sabuntawar wata manhajar kamfanin SolarWinds, kamfanin da kansa ya sa mata hannu ya aika wa dubban abokan cinikinsa, har da ma'aikatun gwamnatin Amurka, ba tare da ya sani ba. Rufe rubutu bai hana ko ɗaya daga cikin waɗannan aukuwa ba.

Sai dai kada wannan ya sa ka je gaban shugabanninku da irin zuzutawar da masoya Linux suka daɗe suna yi. Akwai maganar da Eric Raymond ya yaɗa a ƙarshen shekarun 1990, cewa idan idanun da ke duba rubutu suka yi yawa babu kuskuren da zai daɗe a ɓoye. Maganar gaskiya ce a inda ake dubawar da gaske, amma ajiye rubutu a fili izinin dubawa kawai ya bayar, bai tilasta wa kowa ya zauna ya duba ba. Kuskuren Shellshock da aka gano a Bash, manhajar da ke karɓar umarnin da ake rubuta wa Linux, a watan Satumban 2014 yana nan tun 1989. Dirty COW, wanda ke ba ƙaramin mai amfani damar ƙwace cikakken iko a kan na'ura, ya shekara tara a cikin jigon Linux, wanda masu sana'ar ke kira kanel, kafin a toshe shi a 2016. Ɓarakar da kamfanin Qualys ya bankaɗo a sudo, manhajar da ke ba mai amfani damar gudanar da umarni da cikakken iko, a watan Janairun 2021 ta yi kusan shekara goma tana zaune a kwamfutocin duniya babu wanda ya lura.

Heartbleed ce ta fi fito da dalilin hakan a fili. OpenSSL manhaja ce da ke rufa asirin bayanai tsakanin na'urarka da shafin da ka buɗe, kuma a lokacin kaso mai yawa na shafukan intanet a kanta suka dogara. A ranar ƙarshe ta 2011 aka karɓi wani ƙarin rubutu da bai tantance tsawon saƙon da aka aiko masa ba, aka fitar da shi ga jama'a a watan Maris na 2012, ya zauna har zuwa Afrilun 2014. Duk wanda ya san kafar yana iya roƙon sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ta ba shi har kilobait 64 na abin da ke cikin ma'adanarta a kowane roƙo, ya yi ta maimaitawa, kuma a cikin abin da zai kwaso ana iya samun kalmomin sirri da mabuɗan rufa bayanai. Da hankali ya koma kan masu kula da manhajar, sai aka tarar da cewa gudummawar da suke samu a shekara ba ta wuce kimanin dala 2,000 ba, kuma mutum ɗaya ne tak ke yin aikin cikakken lokaci. Lamarin ya yi kama da rijiyar unguwa, wadda kowa ke ɗiban ruwanta safe da yamma amma ranar yasa sai a nemi mutane a rasa. Bankuna da manyan kamfanoni masu ribar biliyoyi suna amfani da manhajar, kowannensu yana zaton wani ne ke duba ta.

Labarin XZ Utils na 2024 ya fi wannan tayar da hankali, domin a nan da gangan aka yi, aka kuma yi haƙurin shekaru. XZ ƙaramar manhajar matse fayiloli ce da ke cikin kusan kowane nau'in Linux, kuma Lasse Collin ne ya daɗe yana kula da ita, yana kuma faɗa a fili cewa aikin sa-kai ne da ba a biyansa. A 2021 wani mai amfani da sunan Jia Tan, wanda har yanzu ba a tabbatar da ko wane ne ba, ya fara aiko da gyare-gyare masu amfani. A 2022 wasu sunaye da ba a san su ba suka riƙa matsa wa Collin lamba cewa aikin yana tafiyar hawainiya, ya kamata ya ba wani dama. Sannu a hankali Jia Tan ya samu ikon fitar da sabon bugu da kansa, kuma a bugu na 5.6.0 da 5.6.1, waɗanda suka fito a Fabrairu da Maris na 2024, ya dasa ɓoyayyar ƙofa wadda za ta ba mai riƙe da wani mabuɗi na musamman damar gudanar da umarni a kan sabar ta hanyar SSH, wato ƙofar da masu kula ke bi su shiga sabar daga nesa, ba tare da izini ba.

Yadda aka ɓoye ƙofar shi ne abin lura. An tura mugun rubutun cikin fayilolin gwaji waɗanda idon mutum ba ya iya karantawa, sannan ɓangaren da ke kunna shi ba ya cikin rumbun rubutun da jama'a ke dubawa, yana cikin ƙunshin da ake rabawa masu haɗa nau'o'in Linux ne kawai. Ma'ana, mai duba rumbun da kyakkyawar niyya zai ga abu ɗaya, na'ura kuma ta gina wani abu daban. Andres Freund, injiniya a Microsoft mai aiki a kan manhajar adana bayanai ta PostgreSQL, shi ya gano lamarin yayin da yake auna saurin aiki a kan bugun gwaji na Debian, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, bayan ya ga shiga ta SSH tana cin ƙarfin na'ura fiye da kima tana kuma jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Ya bi diddigi, ya sanar a ranar 29 ga Maris, 2024. A lokacin ƙofar ta shiga bugun gwaji na Debian da Fedora da wasu nau'o'in da ke sabuntawa kullum, amma ba ta kai ga tabbatattun bugun da yawancin ma'aikatu ke amfani da su ba. Masu cewa buɗewa ce ta ceci duniya suna da hujja, domin Freund ya iya bin rubutun har tushe ba tare da neman izinin kowa ba. A ganina dai akwai sa'a mai yawa a ciki, kuma bai kamata a gina tsaron ma'aikata a kan sa'a ba.

Saboda haka maganin farko yana hannun masu cin moriyar waɗannan manhajoji, wato su biya kuɗin kula da su. Bayan Heartbleed gidauniyar Linux ta tara kamfanoni suka kafa asusun tallafa wa irin waɗannan ayyuka, a 2020 kuma aka kafa OpenSSF domin aikin ya samu mazauni na dindindin. Gwamnatin Jamus ta kafa asusun Sovereign Tech Fund a 2022, ta ba da kuɗi ga ayyuka irin su curl da OpenSSH, bisa hujjar cewa manhajojin da ƙasa ta dogara a kansu ababen more rayuwa ne da ya kamata hukuma ta sa hannu wajen gyaransu. Kuɗin da ake bayarwa har yanzu bai kai girman dogaron ba. Abin da kuɗin ya kamata ya saya shi ne mutum na biyu da na uku a kowane aiki mai muhimmanci, yadda babu wani gyara da zai wuce sai wani ya duba shi, kuma babu mai kula da gajiya za ta sa ya miƙa mabuɗin ga baƙon da bai taɓa gani ba.

Daga nan sai batun tabbatar da cewa abin da aka raba shi ne abin da aka rubuta. Tun 2013 Debian ke aiki a kan tsarin da zai sa duk wanda ya gina manhaja daga rubutu iri ɗaya ya samu sakamako iri ɗaya ba bambancin ko ɗigo, ta yadda mutane daban-daban za su gina su kwatanta. Wannan yana kama wanda ya gurɓata na'urar gini, kuma idan aka haɗa shi da ƙa'idar gina kowane ƙunshi kai tsaye daga rumbun da jama'a ke gani, dabarar da aka yi a XZ za ta yi wuyar maimaituwa. Na'ura ma tana cike gibin idanu. Syzkaller da OSS-Fuzz na Google suna kwana suna wuni suna jefa wa kanel da ɗaruruwan manhajoji bayanai barkatai domin su ga inda za su faɗi, kuma sun gano dubban kurakurai da mutum zai daɗe bai gani ba. Akwai kuma yunƙurin rage kurakuran tun daga tushe ta hanyar sauya harshen rubutu, domin kaso mafi girma na munanan ɓaraka a manhajojin da aka rubuta da harshen C daga kuskuren sarrafa ma'adana suke fitowa, irin na Heartbleed. An fara shigar da harshen Rust cikin kanel a bugu na 6.1 a watan Disambar 2022, kuma Google ya bayar da rahoton cewa a Android irin waɗannan kurakurai sun sauko daga kashi 76 cikin 100 na ɓarakar da aka samu a 2019 zuwa kashi 24 a 2024, saboda sabon rubutu ya koma harsuna masu kariya, ba tare da an sake rubuta tsohon gaba ɗaya ba.

Game da yadda ake sanar da ɓaraka, akwai tsari, kuma yana da kyau shugabanninku su san da shi. Wanda ya gano kuskure yana sanar da masu kula a asirce, su kuma su sanar da masu haɗa manyan nau'o'in Linux ta wata rufaffiyar hanya wadda ba ta yarda a riƙe sirri fiye da kwana 14, sannan a fitar da faci, wato gyaran da ke toshe ɓarakar, da sanarwa a rana ɗaya. Masu binciken Project Zero na Google suna ba kowane kamfani kwana 90 kafin su fallasa. Hikimar wa'adin ita ce hana masu manhaja kwanciya a kan rahoto. Illarsa kuma ita ce, daga ranar da faci ya fito kowa yana iya karanta shi ya gane ainihin inda kuskuren yake, don haka tseren da ke tsakanin mai kutse da mai kula da sabar yana farawa ne a wannan ranar. Nan ne kaɗai tsoron shugabanninku game da buɗaɗɗen rubutu yake da ƙarfi sosai.

Wannan ya kawo mu ga abin da ke hannunku, kuma shi ne ya fi yanke hukunci. Yawancin kutsen da ake yi wa ma'aikatu ba da sabuwar ɓarakar da ba a sani ba ake yin sa, da tsohuwa ake yi wadda facinta ya daɗe da fitowa, ko da kalmar sirri mai rauni. Ko WannaCry ma, Microsoft ya fitar da facinta tun watan Maris, wata biyu kafin harin. Ku zaɓi nau'in Linux mai ƙungiyar tsaro da wa'adin tallafi a rubuce: bugun Ubuntu mai dogon zango yana samun facin tsaro na shekara 5 kyauta, ana iya tsawaita shi zuwa 10 ko fiye da yarjejeniya, Debian tana kai kimanin shekara 5, Red Hat kuwa shekara 10. Ku rubuta ranar ƙarewar wa'adin kowace na'ura a cikin kundin kayan aikinku, domin sabar da ke kan CentOS 7, wanda tallafinsa ya ƙare a ranar 30 ga Yuni, 2024, za ta ci gaba da aiki lafiya lau a ido alhali duk ɓarakar da aka gano bayan ranar tana nan a buɗe. Ku kunna saka facin tsaro ta atomatik a kwamfutocin ma'aikata, a manyan sabar kuma ku gwada a kan wata na'ura tukuna amma ku sa wa kanku wa'adin kwanaki, kada gwajin ya zama dalilin jinkirin watanni. Idan tsadar data ce ke hana sabuntawa, a ware kwamfuta ɗaya ta riƙa sauko da facin sau ɗaya tana raba wa sauran a cikin ofis. Kada kuma a manta cewa facin kanel yawanci ba ya fara aiki sai an sake kunna na'ura, don haka alfaharin da wasu ke yi cewa sabarsu ta shekara biyu ba a kashe ta ba abin tuhuma ne.

Za ku ga lambobin ɓaraka da ake kira CVE suna zubowa kamar ba za su ƙare ba, musamman tun daga Fabrairun 2024 da masu kula da kanel suka fara bayar da lambobin da kansu, suna sa wa kusan duk gyaran da ka iya shafar tsaro lamba, har ya kai dubbai a shekara. Wani shugaba zai iya ganin adadin ya ce Linux ta fi kowa rauni, alhali adadin yana nuna salon ƙirga ne. Hanyar da ta dace ita ce bin sanarwar tsaro ta nau'in da kuke amfani da shi, da fifita ɓarakar da aka tabbatar ana kai hari da su, waɗanda hukumar CISA ta Amurka ke wallafa jerinsu tun 2021. Ku sani kuma cewa Debian da Red Hat kan ɗauko gyaran su saka a tsohon bugu ba tare da sauya babbar lambarsa ba, saboda haka na'urar bincike mai duba lamba kawai takan yi ƙararrawar ƙarya.

Duk manhajar da za ku saka ta fito daga rumbun hukuma na nau'in da kuka zaɓa, domin kowane ƙunshi a can yana ɗauke da sa hannun dijital da na'urar ke tantancewa kafin ta karɓa. Al'adar kwafo umarni daga wani shafi a liƙa shi da cikakken iko ita ce ke rushe wannan kariya baki ɗaya. Faifan da za ku girka tsarin da shi ma a tantance sa hannunsa, domin a Fabrairun 2016 an yi kutse a shafin Linux Mint aka karkatar da masu saukewa zuwa gurɓataccen kwafi. Bayan haka ku ɗauka cewa wata rana wata ɓaraka za ta riga ku, ku shirya yadda ɓarnar za ta tsaya a wuri ɗaya. A cire duk hidimar da ba a buƙata, a hana shiga SSH da kalmar sirri a koma mabuɗi, kada a bar ƙofarsa a buɗe ga duk intanet, kuma kowane ma'aikaci ya samu iko daidai aikinsa. SELinux a Red Hat da Fedora, da AppArmor a Ubuntu da Debian, suna killace kowace manhaja yadda ko an ƙwace ta ba za ta taɓa abin da ba nata ba. Abin takaici shi ne yawan masu kula da sabar da ke kashe su a ranar farko don wata manhaja ta ƙi tashi, maimakon su karanta rijistar kuskuren su gyara ƙa'idar. A kuma riƙa ajiye kwafin bayanai a wurin da ba ya haɗe da sabar, ana gwada dawo da shi lokaci zuwa lokaci.

Batun wanda za a kama kuwa, lasisin GPL, wanda ake raba kanel ɗin Linux a ƙarƙashinsa, ya faɗa ƙarara cewa babu garanti, amma idan lauyanku ya karanta yarjejeniyar yawancin manhajojin da ake saya zai tarar da kusan irin wannan togaciya. Wanda ke son abokin hulɗa mai amsa kira yana iya ƙulla yarjejeniyar tallafi da Red Hat ko Canonical ko SUSE, a rubuta a ciki tsawon lokacin da za su ɗauka kafin su amsa rahoto. A gaban doka dai alhakin bayanan mutane yana kan wanda ya tara su. Dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta wajabta wa mai riƙe da bayanai ya sanar da hukuma cikin awa 72 idan aka yi kutsen da ka iya cutar da masu bayanan, kuma ba ta tambayar wace manhaja ya saka. Tarayyar Turai ta ɗauki wani mataki da dokar da ta fara aiki a Disambar 2024, wadda za ta kankama gaba ɗaya a Disambar 2027, inda ta ɗora nauyin facin tsaro a kan kamfanin da ya sayar da kaya, ta ware ɗan sa-kai mai rubuta manhaja ba don kasuwanci ba. Ina ganin wannan rabon alhaki daidai ne, domin wanda ya karɓi kuɗi shi ya kamata ya ɗauki nauyi.

Akwai Linux ɗin da ke cikin ofishinku tun kafin wannan muhawara, kuma ba na jin an saka ta a lissafi. Na'urar raba intanet da kyamarorin tsaro da na'urar naɗar hotunansu yawanci Linux ce a cikinsu, wayoyin Android na ma'aikata ma a kan kanel ɗinta suke, kuma da yawa daga cikin masu arha ba sa samun faci bayan ɗan lokaci da fitowarsu. A 2016 mugunyar manhajar Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan irin waɗannan na'urori ta hanyar gwada kimanin kalmomin sirri 60 da masana'antu ke sakawa tun daga kamfani, aka yi amfani da su a watan Oktoba wajen kai wa kamfanin Dyn hari, har manyan shafuka irin su Twitter da Netflix suka ƙi buɗewa ga mutane da yawa a Amurka. Kafin ma'aikatarku ta sake sayen irin wannan na'ura, a nemi mai sayarwa ya rubuta har zuwa wace shekara masana'antar za ta ci gaba da fitar da facinta. Waɗanda ke hannunku yanzu kuma a sauya kalmomin sirrinsu, a ware musu layin sadarwa na daban wanda ba ya kaiwa ga sabar da ke ɗauke da bayanan ma'aikata da na abokan hulɗa.